Kunnen Dama na Don Nicanor

Akwai wata mata a nan garin Valledupar mai suna Yuleidis Maestre, sana'arta ɗaukar waƙa da haɗa sauti. Wasu daga cikin masu bin wannan shafi sun san ta, domin situdiyonta yana nan bayan kasuwa, a tsohon gidan kakarta. Waɗanda ba su san ta ba kuma, ku gyara zama.

Situdiyon ba wani babba ba ne. Ɗaki uku ne kacal. Ɗaya nata ne, inda kwamfuta da lasifika suke. Ɗaya na masu ganga. Na ukun kuwa ɗan tsukuku ne kamar akurki, nan ake saka mai akodiyon, abin kiɗan nan da ake ratayawa a ƙirji ana ja ana matsewa, shi kaɗai, don kada amonsa ya shiga makirufon sauran.

Shekararta goma sha ɗaya tana wannan aiki, kuma tana jin daɗinsa. Ba ta waƙa, ba ta kiɗa, ita dai aikinta raba hanya. Kowane makirufo yana da mashigarsa a cikin manhajar da take aiki da ita. Daga nan ita ke cewa wannan sauti ya bi nan, wancan ya bi can. Wani ta tura shi lasifika, wani ta ɗebi kaɗan daga cikinsa ta aika inda za a sa masa amsa-kuwwa, wani ta mayar da shi kunnen makaɗi. Kamar mai ban ruwa a lambu take, ta buɗe wa wannan fangali, ta toshe wancan.

Wata ranar Litinin da hantsi, wani mawaƙi mai suna Osnaider Pumarejo ya zo ɗaukar sabon kundin waƙoƙinsa. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da bakwai, kuma gaskiya Allah ya ba shi murya. Waƙarsa ɗaya ta yi tashe a wayoyin mutane bara, tun daga nan bai ƙara cire baƙin tabarau ba, ko a cikin ɗaki.

Tare da shi akwai kawunsa, yayan mahaifiyarsa, Don Nicanor Arzuaga. Dattijo ne ɗan shekara saba'in da huɗu, siriri, mai farar riga da aka goge ta yi tsaf. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake kaɗa akodiyon. Babu bikin aure ko na baftisma a ƙauyukan nan da bai kaɗa ba, amma bai taɓa shiga situdiyo don ɗaukar kundi cikakke ba. Makaɗa Maestro suke kiransa, wato babban gwani.

Waƙoƙi goma za a ɗauka, shida daga ciki Don Nicanor ne ya tsara su. Mahaifiyar Osnaider ce ta kafe ta ce, in dai waƙoƙin yayanta za a rera, to hannunsa ne zai kaɗa su.

Sauran mutum biyun su ne Eudaldo mai ƙaramar ganga, wani ƙato mai yawan barkwanci da ya shekara ashirin da biyar yana bin Don Nicanor wajen biki, da kuma Hermides mai goga guacharaca, ƙaran nan mai tsaga-tsaga da ke riƙe wa kiɗa tafiyarsa.

Da Eudaldo ya leƙa ƙaramin ɗakin, sai ya ɓata fuska.

Ya ce, "Yuli, nan za ki kulle Maestro kamar aku a keji? Ba za a bar mu ɗaki ɗaya ba, mu kaɗa yadda muka saba?"

Kafin ta ba shi amsa Osnaider ya karɓe. "Nan ba gindin bishiya ba ne, Eudaldo. Kowa ɗakinsa. Haka ake yi a manyan wurare."

Eudaldo ya ce, "To, tauraro ya yi magana."

Don Nicanor dai yana tsaye yana murmushi, yana gyaɗa kai, kamar duk abin da aka faɗa ya yi masa daidai.

Yuleidis ta kafa makirufo biyu a gaban akodiyon, ta sa wa dattijon hedifon a kunne, ta ja masa ƙofa. Osnaider ya tsaya kusa da ita da nasa makirufon, don ya riƙa rera waƙar yana yi wa makaɗa jagora. Kamar yadda ta saba yi wa ƙananan ƙungiyoyi, haɗi ɗaya ta tura wa kowa. Abin da ke kunnen mawaƙi shi ke kunnen mai ganga, shi ke kunnen mai akodiyon.

Waƙar farko ita ce wadda Don Nicanor ya yi wa matarsa Rosmira tun yana neman aurenta. An fara lafiya lau. Hannun tsohon na sauka a kan maɓallai, Yuleidis ta ji tsigar jikinta ta tashi.

Ba a yi nisa ba Osnaider ya ɗaga hannu.

"Ba na jin kaina. Ƙara min murya."

Ta ƙara.

"Sa min amsa-kuwwa da yawa, ina so in ji kamar a cikin babban coci nake. Gangar nan kuma tana sara min kai, rage ta."

Ta rage.

Aka sake farawa. A tsakiyar baiti na farko akodiyon ya wuce gaba ya bar ganga a baya. Aka tsaya. Aka sake. Wannan karon baya ya ja. A karo na huɗu ya shigo tun mawaƙi bai rufe baki ba.

Osnaider ya yi tsaki. "Kawu! Ka saurara mana! Ka bi ganga!"

Ta cikin gilashi Yuleidis ta ga dattijon ya ɗaga babban yatsa yana murmushi. Amma ta ga wani abu kuma. Duk lokacin da aka fara, sai ya karkatar da kai, ya danne hedifon na dama da kafaɗarsa.

Sau bakwai aka yi, sau bakwai ana lalacewa. Farar rigar nan ta jiƙe sharkaf da gumi. Murmushin yana nan, amma ya zama na dole.

Osnaider ya rufe makirufonsa da tafin hannu, ya sunkuyo wajen Yuleidis.

Ya ce, "Na gaya wa Mama, tsoho ya gama yayinsa. Akwai wani makaɗi a Barranquilla, kira ɗaya zan yi masa ya hau mota. Bayan abinci za mu gwada sau ɗaya. In bai yi ba, shi ke nan."

Ta ce, "Waƙar da ya yi wa matarsa ce fa."

"Na sani. Sunansa zai fito a jikin kundin. Amma sunana ne a sama, ba zan bari a yi min dariya ba."

Daidai nan aka aiko da tukunyar sancocho, miyar nan ta nama da rogo, daga gidan Doña Rosmira, tana ta tururi. Maza suka fita tsakar gida gindin mangwaro, inda aka ajiye tebur.

Yuleidis ba ta bi su nan take ba. Ranta bai kwanta ba. Mutumin da ya fi shekara sittin yana kiɗa, wanda a karon farko ya kaɗa kamar ruwa na gudu, ba zai manta da tafiyar ganga cikin sa'a ɗaya ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Ta kunna ɗaukar ƙarshe, ta shiga ƙaramin ɗakin, ta sa hedifon ɗin dattijon a kunnenta. Ba shiri ta fizge shi. Ashe ya murɗa maɓallin ƙara har ƙarshe. Ta rage, ta sake sawa, ta saurara. Babu komai a ciki sai muryar Osnaider tana iyo cikin amsa-kuwwa. Ganga kuwa can nesa take, kamar ana buga ta a wani gari.

Nan ta gane rabin matsalar, kuma tata ce. Tunda haɗi ɗaya ta tura wa kowa, duk sa'ad da mawaƙi ya ce a rage ganga, daga kunnen tsohon ma take ragewa. Amma ai Eudaldo da Hermides su ma abin da suke ji ke nan. Me ya sa shi kaɗai ya ɓace?

Ta fita tsakar gida. Don Nicanor yana zaune a ƙarshen tebur, yana juya cokali a cikin kwano, ba ya ci sosai. Ta ɗauki ludayi, ta zagaya ta bayansa ta hagu.

A hankali ta ce, "Maestro, a ƙara maka rogo?"

Ko gezau bai yi ba.

Ta yi kamar za ta ɗauko gishiri, ta koma ta damansa, ta maimaita da irin muryar.

Ya juyo da sauri. "Ƙara min, 'yata. Rosmira ta san hannunta a miya, ko ba ka jin yunwa sai ka ci."

Ta zuba masa. Ta zauna da nata kwanon, tana ci tana satar kallonsa. Idan Eudaldo yana magana, bakinsa tsohon yake kallo. Idan aka yi dariya, sai ya ga an fara sannan ya shiga.

Yanzu ta san komai. Sai dai me za ta yi da abin da ta sani? Idan ta gaya wa Osnaider, ta miƙa masa hujjar da yake nema. Idan ta tambayi dattijon a gaban mutane, ta kwance masa zani a kasuwa. Mutumin da kunne ne jarinsa, kuma ya zaɓi ya ɓoye, ba ita ce za ta tona ba.

Ta ajiye kwano ta ce, "Ku ci a hankali, zan ɗan gyara wani abu."

Eudaldo ya ce, "In kin ga maɓallin da ke ƙara wa mai ganga kyau, ki murɗa min shi."

Ta ce, "Wannan ai sai an sayo sabuwar kwamfuta."

Ta bar su suna dariya.

A gaban kwamfuta ta buɗe sabon reshe, na mutum ɗaya tak. Ta sa shi ya riƙa ɗibar kowane sauti tun daga tushe, kafin ya iso maɓallan da take ƙarawa da ragewa. Ta haka, ko mawaƙi ya sa ta kashe ganga ƙurmus a kunnensa, a wannan reshen tana nan daram.

Sannan ta zauna ta auna abin da za ta zuba a ciki. Ganga ta ba ta kaso mafi tsoka, ta fito da nauyinta. Guacharaca ta bar ta kaɗan, don ta san siraran sautuka su ke fara guje wa kunnen tsoho. Akodiyon ma kaɗan, tunda a ƙirjinsa yake, yana jin sa a jika. Muryar Osnaider ta sa ta tsaka-tsaki, a bushe, ba ɗigon amsa-kuwwa. Daga ƙarshe ta tattara duka ta karkatar da su dama.

Ta durƙusa ƙarƙashin tebur, ta zare wayar ƙaramin ɗaki daga inda kowa ke sha, ta soka ta a wata mafita ta daban. Ta shiga ɗakin, ta toshe kunnenta na hagu da yatsa, ta saurara da na dama. Ta dawo ta ƙara ganga kaɗan. Ta koma ta sake saurara. Sau uku tana kai da kawowa kafin ta gamsu.

Da aka dawo kowa ya shiga ɗakinsa, ta danna maɓallin magana.

"Maestro, na ɗan canza abin da ke zuwa maka. In bai yi maka ba, ka ɗaga hannu."

Dattijon ya ɗago kai firgigit, kamar wanda aka kira daga barci. Ya dube ta ta cikin gilashi.

Eudaldo ya buga ganga. Yuleidis na kallo wuyan tsohon ya miƙe, kafaɗarsa ta sauka, ƙafarsa ta fara taka ƙasa. Ya ja akodiyon ya buɗe, ya shigo daidai kan gaɓa.

Jama'a, waɗanda suka ji wannan ɗaukar sun san abin da nake nufi. Ba kiɗan tsoho ba ne, kiɗan saurayi ne da ya tsaya a ƙofar gidan budurwa. Yana bin ganga, ganga na bin sa. A tsakiya ya yi wani salo da yatsu, Eudaldo ya saki ihu a can ɗakinsa, ihun da har yau yana cikin waƙar don ba wanda ya yarda a cire.

A baiti na biyu Osnaider ya yi wa Yuleidis alama da hannu ta ƙara rage ganga. Ta rage masa. Akodiyon ko girgiza bai yi ba.

Da waƙar ta ƙare, sai Osnaider ya ture tabarau sama, ya dube ta.

"Me ya canza?"

Ta ce, "Laifina ne. Na haɗa ku duka a hanya ɗaya. Duk abin da na rage maka, shi ma na rage masa. Yanzu na ware masa tasa."

Abin da ta faɗa gaskiya ne, sai dai ba duka ba ne. Ta yi zaton maganar za ta mutu a nan. Ina! Osnaider ya samu inda zai sauke kunyar da ta kama shi.

Ya ce, "Wato ke kika ɓata mana safiya guda? Shekara nawa kike cewa kin yi a wannan aiki? Saura ƙiris in sallami kawuna in kira wani, ashe ke ce ba ki san aikinki ba! An gaya min in tafi Barranquilla wajen ƙwararru, na ce a'a, bari in taimaki 'yar gida. Ga sakayyar."

Fuskar Yuleidis ta yi zafi. Kalma ɗaya ce a kan harshenta, da ta faɗe ta da ta wanke kanta tas. Ta dubi allon kwamfuta, ta haɗiye ta.

Ta ce, "Ka yi haƙuri. Ba zai sake faruwa ba."

Abin da dukansu biyu suka manta shi ne, makirufon Osnaider a buɗe yake. Kuma a karo na farko a wannan rana, yana isa inda aka aika shi, tar, ba gargada.

Ƙofar ƙaramin ɗaki ta buɗe. Don Nicanor ya fito da akodiyon rataye a ƙirji. Eudaldo da Hermides suka biyo baya suka tsaya a bakin ƙofa.

Dattijon ya ce, "Da safe ban ji komai ba. Yanzu kuwa ina jin komai, har da abin da ba a so in ji."

Osnaider ya buɗe baki. "Kawu, ba haka nake..."

"Rufe min baki, ɗan ƙanwata, ka bari babba ya gama. Yarinyar nan ba ta yi maka laifi ba. Kunnena na hagu ya mutu shekara uku ke nan. Na dama ma ya fara haɗa kayansa. Ko Rosmira ban gaya wa ba, ita tana zaton taurin kai ne ya ƙaru."

Ya gyara igiyar akodiyon a kafaɗa.

"A wajen biki ba ni da matsala. Hannun Eudaldo nake kallo, gani ya kori ji. Yau kuka kulle ni inda ba na ganin kowa, kuka cika min kunne da kai kana waƙa cikin rijiya. Ita ta gane. Ta yi min tayin rogo ta hagu, ta yi min ta dama. Kina zaton ban lura ba, 'yata? Ta gyara, ta yi shiru, ta bar ka kana zaginta don kada ka san abin da nake ɓoyewa. To, ba zan ɓuya a bayan sa'ar 'yar cikina ba. Ga shi na faɗa da bakina. In za ka kira na Barranquilla, ga waya nan."

Can sai Eudaldo ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Maestro, ni fa na daɗe da sani. Kana zaton don me nake ɗaga hannu sama kamar mai korar tsuntsu a gonar shinkafa? Kafaɗata har ciwo take yi bayan biki."

Tsohon ya zuba masa ido. "Shekara uku, kai ma ba ka ce komai ba?"

"In ce me? Ka taɓa kuskure ne?"

Don Nicanor ya yi dariya, irin wadda ke zuwa da ƙwalla. Ya sa bayan hannu ya share ido.

Osnaider ya cire tabarau gaba ɗaya. Ba tare da shi ba, sai ya koma yaron da kowa ya sani, wanda kawunsa ke ɗorawa a kan kujera yana koya masa inda ake jan numfashi.

Ya ce, "Kawu, ka yafe min. Ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba ne. Ni na yafe. Ita za ka roƙa."

Ya juya wajen Yuleidis, ya kasa haɗa ido da ita. "Yuli, na yi miki rashin kunya a ɗakinki. Ki yafe min."

Ta ce, "Ya wuce. Rabin laifin ai da gaske nawa ne."

Don Nicanor ya ce, "Madalla. Tunda an shirya, saura abu ɗaya. Kai ɗan ƙanwata, a baiti na biyu, inda ake kiran sunan Rosmira, muryarka ba ta kai ba. Ta tsaya a ƙasa."

Osnaider ya zaro ido. "Ni? Haba Kawu! Da wane kunnen ka ji?"

"Da guda ɗayan da ya rage."

Eudaldo ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. "Kai, wanzami ba ya son jarfa!"

Osnaider ya ce, "Yuli, kunna mana wurin mu ji."

Ta ce, "Yadda kake ji, ko yadda Maestro yake ji?"

Ya ce, "Yadda yake ji."

Ta juya reshen dattijon zuwa lasifika, ta kunna. Muryar ta fito tsirara, ba amsa-kuwwar da za ta lulluɓe ta. Da aka iso sunan Rosmira, kowa ya ji. Kaɗan ne, amma ba ta kai ba.

Osnaider ya dafe kai. "Tun safe haka nake yi?"

Hermides, wanda tun zuwansu bai ce uffan ba, ya ce, "Tun safe."

Mawaƙin ya yi dariyar kansa. Ya ce, "Laifi tudu ne. Yuli, don Allah ni ma ki ware min tawa hanyar. Ki cire min cocin nan daga kunne."

Ta buɗe masa nasa reshen. Ta buɗe wa Eudaldo, ta buɗe wa Hermides, kowa ta tambaye shi abin da yake son ji. Tun daga ranar ba ta ƙara tura wa mutum biyu haɗi ɗaya ba.

Kwana biyar suka yi suna aiki, kuma kwanaki ne masu daɗi. Kullum da rana tukunyar Doña Rosmira sai ta iso. Ran Laraba ita da kanta ta rako tukunyar, don mijin ya gaya mata gaskiya a gida. Ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, shekara uku tana yi masa faɗa ta hagu, ashe asarar yawu take yi, amma yanzu ta san ɓangaren da za ta riƙa tsayawa. Ta kuma ce ranar Litinin za ta kai shi wajen likitan kunne, ko yana so ko ba ya so.

A waƙar ƙarshe, a ɗan filin nan da mawaƙanmu ke gai da mutanen kirki da sunansu, Osnaider ya ɗaga murya ya ce, "Yuleidis Maestre, mai rufin asirin dattawa!"

Yuleidis ta tsayar da ɗaukar. "Wannan zan cire shi."

Ta cikin gilashi Don Nicanor ya kaɗa mata yatsa. "Ki taɓa shi ki gani. Ni na sa shi."

Haka waƙar ta fita, haka ake jin ta a motocin haya da shagunan kasuwa.

Bayan kamar wata biyu, wata safiya Yuleidis ta zo buɗe situdiyo, sai ta tarar da dattawa uku zaune a kan benci a bakin ƙofa. Kowa ya ci ado, kowa da akwatin kayan kiɗansa a kan cinya. Ta san fuskokinsu. Tsofaffin makaɗa ne da aka daɗe ba a ji ɗuriyarsu ba.

Ta gaishe su. Babbansu ya miƙe ya cire hula.

Ya ce, "'Yata, Nicanor ne ya turo mu. Muna da waƙoƙin da muke so mu ajiye wa jikoki tun muna da sauran ƙarfi. Ya ce a nan ba sai mutum ya ɓoye komai ba." Ya nuna kunnensa. "Ni dama."

Na biyun ya nuna nasa. "Ni hagu."

Na ukun ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ɗaga murya ya ce, "Me suka ce?"

Yuleidis ta yi dariya, ta tura ƙofa ta buɗe ta duka.

Ta matso kusa da shi ta ce da ƙarfi, "Sun ce ku shigo, Maestro! Kowa da tasa hanyar!"

Darasi: Kafin ka ce mutum ya gaza, ka fara bincika abin da ke isa gare shi, wataƙila kai ne ka toshe masa hanya. Idan kuma ka gano raunin ɗan'uwanka, ka taimake shi ba tare da ka tona shi ba, domin wanda ya rufa wa wani asiri ba ya taɓewa. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, musamman masu dattawa a gida.